Littafi ya ce magajin gari, yaro ya ce kantoma: wanne zan koyar?

Wata malama ta rubuto mana daga Tahoua:

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni 'yar kwantiragi ce, ina riƙe da ajin CM1 (aji biyar na firamare) a wata lakwal cikin garin Tahoua. An sanar da ni insifekta zai shigo ajina, kuma darasin da ya faɗo a kaina shi ne na tarbiyyar ɗan ƙasa, babin jiha da ƙaramar hukuma. Littafin da ke hannuna ya ce jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma su zaɓi magajin gari. Da na fara taɓa zancen, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce babansa ya ce yanzu babu magajin gari, kantoma aka naɗo. Aji ya ɗauki dariya, na rasa ta cewa. Direktanmu ya ce in bi littafi, in bar abin da bai shafe ni ba. Ina tsoron a ce na kawo siyasa aji, ina kuma jin kunyar koya wa yara abin da suka san ba haka yake ba. Yarana sun haura 70, darasin minti 30 ne, ba ni da taswira, daga allo sai alli. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam Malama, 'yata. Allah ya ba da ladan aiki.

Uban yaron nan gaskiya ya faɗa. Littafinki ma bai yi ƙarya ba, lokaci ne ya wuce shi. Abin da ya rubuta shi ne tsarin da aka bi tun zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yulin 2004, aka sake a 2011, aka sake a Disambar 2020: mutane su jefa ƙuri'a su zaɓi kansiloli, kansilolin su zauna su fid da ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari. Bayan sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023 an jingine kundin tsarin mulkin 2010, sannan a Afrilun 2024 hukumomi suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, da na birane, da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo su tafiyar da aikin. An karanta wannan a rediyo da talabijin na gwamnati, hukuma ce da kanta ta sanar. Malamar da ta maimaita sanarwar hukuma ba ta yi wa kowa laifi ba.

Saboda haka ki faɗi duka biyun, kowanne da shekararsa. Jimla biyu sun isa, ki rubuta su a allo yara su kwafe: har zuwa 2024 kansilolin da jama'a suka zaɓa ne ke zaɓen magajin gari, daga 2024 gwamnati ce ke naɗa kantoman riƙo. Kujerar ɗaya ce, ginin meri (ofishin magajin gari) ɗaya ne, hatimin da ake buga wa takarda ɗaya ne. Hanyar hawa kujerar ce ta canza. Siyasa tana farawa ne daga inda kika ce wannan ya fi wancan, ko kika yi tsaki, ko kika yi kirari. Nan ne ba hurumin aji ba. In wani yaro ya tambaye ki dalilin canjin, ki ce masa hukumomin da ke mulki ne suka yanke haka, ki wuce. In ya tambaye ki wanne kika fi so, ki yi murmushi ki ce ra'ayin Malama ba ya cikin jarrabawa.

Direktanki ba mugunta yake yi miki ba, tsoro yake ji, kuma shi ke amsa kira in wani abu ya tashi. Kada ki yi masa gardama a gaban sauran malamai, kada kuma ki yi abinki a ɓoye ya tsinci labari a bakin iyaye. Ki rubuta takardar shirin darasinki tsaf, jimlolin nan biyu a ciki, ki kai masa ofis ki ce, "Ranka ya daɗe, ga yadda na tsara, a duba mini." Wanda aka nemi shawararsa da wuya ya juya baya ranar da aka zo tambaya. In kuna da taron CAPED, wato taron ƙara wa juna sani na malamai, kafin ranar, ki kawo zancen can ma. Ba ke kaɗai ke riƙe da tsohon littafi ba, duk malamin CM a ƙasar nan yana da irin wannan shafin, sai dai wasu sun zaɓi su tsallake shi.

Shi kuwa yaron, ki yaba masa a gaban aji. Yaron da ya ji magana a gida ya kawo ta makaranta ya gwada ta da littafi, ya riga ya yi rabin abin da darasin ke nema.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba. Na ga yadda ake koyar da babin nan shekara da shekaru: a fara daga shugaban ƙasa, a sauko gwamna, a sauko prefe mai riƙe da gunduma, a ƙare da magajin gari, yara su rera kamar karatun allo. Ranar jarrabawa su zubo shi, bayan sati ya bi iska. Ɗan shekara 10 bai taɓa ganin fadar shugaban ƙasa ba. Amma ya san mai yanka tikiti a kasuwar Lahadi, ya san ƙofar gidan mai unguwa, ya ga uwarsa ta yi layi a meri. Daga nan za ki fara, ki hau sama.

Ki shigo aji da takardar haihuwa guda. Taki, ko kwafin ta wani ɗanki, ki rufe sunan da yatsa in kin ga dama. Kada ki ce yara su ɗauko nasu daga gida, takardar da ta shiga jakar ɗan CM1 sai addu'a. Ki ɗaga ta ki tambaya: mene ne wannan, wa ya ba da ita, a ina? Ki kira yaro ɗaya ya karanta abin da ke rubuce a samanta da ƙarfi. Duk darasinki yana nan a jere: Jamhuriyar Nijar, jihar Tahoua, sai gunduma ko birni, sai ƙaramar hukuma, a ƙasa kuma ga sa hannu da hatimi. Hukuma da kanta ta rubuta miki tsarin darasin, kyauta. Yaro yana karantawa, ke kina zanawa a allo. Ki zana su kamar jeren ƙore, ƙarami cikin babba: unguwa a tsakiya, ƙaramar hukuma ta kewaye ta, sai gunduma, sai jiha, sai ƙasa. Taswirar da kika ce ba ki da ita ba ta fi wannan amfani ba a darasin farko.

A nan akwai wani abu da ya keɓanta da garinku, kada ya ruɗe ki. Tahoua na cikin birane 4 masu matsayi na musamman, tare da Yamai, Maraɗi da Damagaram. An raba birnin gida 2, Tahoua ta 1 da Tahoua ta 2, kamar yadda aka raba Yamai gida 5. To yaron da aka haifa a Bilbis ko Wadata, takardarsa za ta nuna birnin Tahoua da sashensa, ba ta bi ta gunduma ba. Wanda kuwa aka haifa a Kalfu, ko Bambai, ko Barmu, tasa za ta ce gundumar Tahoua sannan ta ambaci ƙaramar hukumarsa. Suna ɗaya, abu uku: jiha, gunduma, birni. Ki tsaya a kan wannan sosai, don shi ne ramin da yara ke faɗawa, har da manya. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi inda kakannin kowa suke. Wani zai ce Madawa, wani Buza, wani Keita, wani Abalak. Kowane suna aka kira ki ce, "Wannan gunduma ce, tana da prefenta, kuma tana cikin jihar Tahoua." In aka ce Galmi ko Badagishiri sai ki tambaya wace gunduma ke nan, har a kai ga Malbaza da Illela. Kafin minti 10 yara sun cika miki allo da bakinsu.

Ke dai ki riƙe lissafin a kanki. Bisa rabon 2011 ƙasar na da gundumomi 63 a cikin jihohi 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tahoua, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Jihar Tahoua na da 12: Abalak, Bagaruwa, Birnin Ƙonni, Buza, Cintabaradan, Illela, Keita, Madawa, Malbaza, Tahoua, Tasara da Tilliya. Bagaruwa, Malbaza, Tasara da Tilliya a 2011 suka samu matsayin, don haka in littafinki ya kawo 8 kaɗai, ya girmi wannan rabon ne. Ba na so ki sa yara haddace duka a rana ɗaya. Wanda ya san tasa gundumar da biyu na maƙwabta ya wadatar a CM1.

Sai batun masu riƙe da wuraren. Abin da nake so ya zauna a kan yara shi ne mutanen nan ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Gwamna da prefe wakilan gwamnatin tsakiya ne, daga Yamai ake naɗo su, kuma ko a zamanin farar hula ba a taɓa jefa musu ƙuri'a ba. Aikinsu tsaro, da bin doka, da sa ido a kan ma'aikatun gwamnati da ke yankinsu. Prefe ne ma ke duba ko abin da ƙaramar hukuma ta yanke ya dace da doka. Ita kuwa ƙaramar hukuma an kafa ta ne don mutanen wuri su riƙe hidimomin da ke kusa da su: rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kasuwa, tasha, shara, filaye, hanyoyin cikin gari. A Janairun 2016 gwamnati ta fid da dokar miƙa mata wani kaso na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Abin da hakan ke nufi ga ajinki, a takarda dai, shi ne gina azuzuwan firamare da gyaransu na wuyan ƙaramar hukuma. Ki faɗa wa yara haka. In wani ya nuna miki ajin zana da ke bayan taga ya ce to wannan fa, ki ce tambaya ce mai kyau, kuma yanzu ya san ofishin da ake kai ta.

Kada ki manta da sarakuna. Littattafai kan ba su layi biyu, alhali su ne hukumar da yaro ya fi sani. Mai unguwa, hakimin ƙauye, sarkin kanto, da shugabannin rukunin makiyaya a arewacin jihar wajen Abalak da Cintabaradan, duk doka ta san da su, tana lissafa su cikin masu taimaka wa gwamnati. Su ke sasanta rikicin gona da na makiyayi da manomi kafin a kai ga alƙali, su ke taimakawa wajen tara haraji, ta bakinsu sanarwa ke isa gida-gida. A tsarin da littafinki ya kawo har zama suke yi a majalisar ƙaramar hukuma, su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Darasin mulki da aka yi a ƙasar Adar, wato yankin Tahoua, ba a ambaci sarauta ba, yara za su ɗauka labarin wata ƙasa ake ba su.

Akwai ruɗanin da nake da tabbacin zai taso, musamman daga yaran da ke da dangi a Ƙonni ko iyayensu ke zuwa ci-rani Najeriya. Suna jin labarin zaɓen gwamnan Sakkwato, suna jin ana cewa ciyaman. Ki ba shi minti ɗaya ki rufe: Najeriya tarayya ce, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kowace jiha da zaɓaɓɓen gwamnanta da majalisar dokokinta. Nijar dunƙulalliyar ƙasa ce, dokar da ke aiki a Difa ita ke aiki a Tahoua, jiha ba ta yin tata dokar. In kuma wani ya ce kakansa na cewa suprefe ko gidan kumandan, ki gaya masa tsofaffin sunaye ne: da, abin da muke kira jiha yau prefe ke riƙe da shi, na ƙasa da shi suprefe, kumandan kuwa tun zamanin Faransa.

Minti 30 ba zai ɗauki duk wannan ba, kuma kada ki gwada. Malamai matasa kan cika darasi maƙil ranar da insifekta zai zo, su yi ta gudu, ƙararrawa ta kama su ba su auna fahimtar kowa ba. Ki raba babin uku. Ranar farko takardar haihuwa da zanen allo. Rana ta biyu wa ke riƙe da me, da yadda ya hau. Rana ta uku kuɗin daga ina suke. In an bar miki zaɓi, ki sa ziyarar ta faɗo a rana ta biyu, don a lokacin yara sun riga sun san zanen, kuma a nan ne za ki yi wasan da zan gaya miki.

Ki raba ajin rukuni-rukuni bisa layin tebura, ba sai kowa ya tashi ba, da yara 70 tashi ɗaya ya cinye miki minti 5. Layi ɗaya su ne meri, ɗaya gidan mai unguwa, ɗaya ofishin prefe, ɗaya ofishin gwamna, ɗaya kotu. Sai ki riƙa jefo matsala. An haifi jariri, ina za a rubuta shi? Maƙwabta biyu na jayayya a kan iyakar gona, ina za su fara zuwa? Shara ta toshe magudanar ruwa a unguwa ga damina ta kusa, wa za a gaya wa? Mace na son rumfa a kasuwa, wa zai ba ta? Layin da ke ganin aikinsa ne ya ɗaga allunansa, ɗaya daga ciki ya faɗi dalili. Daɗin wasan yana inda layi biyu suka ɗaga tare. Kada ki yi saurin raba gardamar. Zancen shara, alal misali, yakan fara daga mai unguwa ya ƙare a meri, kuma yaron da ya gano haka da kansa ya fahimci yadda hukumomi ke miƙa wa juna aiki fiye da wanda ya haddace ma'ana. Ki zaɓi matsalolin da amsarsu ba ta da shakka a wurinki, guda 5 ko 6, ki rubuta su a takardar shiri tare da amsoshin.

Rana ta uku ki kawo tikitin kasuwa, irin wanda ake yanka wa mai tallar albasa ko mai sai da akuya. Da yawa cikin yaran nan iyayensu mata na biyansa duk ranar kasuwa, wasu ma su da kansu ake yanka wa. Tambaya ɗaya ce: kuɗin nan ina suke zuwa? Daga nan ki kai su ga harajin da magidanta ke biya, da kuɗin tasha, da tallafin da gwamnatin tsakiya ke bayarwa. Ki koya musu abu biyu tare, cewa biyan haraji wajibi ne, karɓar rasit kuma haƙƙi ne. Za ki ji wani ya ce babansa ya ce cinyewa ake yi. Kada ki tsawata masa, kada kuma ki goya masa baya. Ki ce shi ya sa ake ba da rasit, shi ya sa ake rubuta kasafin kuɗi, don a iya tambaya.

Da ɗan gari akan ci gari. Ki je meri da ƙafarki wata safiya, ki gaishe da ma'aikatan ofishin rajistar haihuwa, ki tambayi cikakken sunan wanda ke riƙe da birnin a yau da muƙaminsa yadda ake rubuta shi, haka na gwamna. Naɗe-naɗe na canzawa, kuma ba abin da ke zubar da girman malami kamar ya rubuta sunan wanda aka sauke. In direkta ya yarda, ki roƙi mai unguwarku ya ba ajin minti 15 wata rana, ba ranar insifekta ba. Ta hannun direkta da kwamitin iyaye za a aika masa, ba ke za ki tare shi a hanya ba. Ki sa yara su shirya tambayoyi uku tun kafin ya zo, ki duba su, don dattijo in ya samu masu saurare ba ya duba agogo.

Harshe kuwa, ki yi bayani da Hausa har sai kin ga idanu sun buɗe, sannan ki ba su kalmomin Faransanci su rubuta a kaye (littafin rubutu), tunda da su za su tarar da tambayar jarrabawa kuma su ne a kan takardun hukuma. Ba abin ɓoyewa ba ne: kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. In kina da yara Buzaye ko Fulani da Hausarsu ba ta nuna ba, ki tambaye su yadda ake kiran shugaban rukuninsu a gida, su ma su koya wa aji wani abu.

Shi insifekta abin da zai duba sananne ne: manufar darasi a rubuce, kayan aiki, ko yara sun yi magana ko ke kaɗai kika yi, da ɗan gwaji a ƙarshe. Manufarki ta zama abin da za a iya aunawa, kamar a ce a ƙarshen darasi yaro zai ambaci hukumar da ta dace da matsala 3 cikin 4. In ya tambaye ki dalilin da kika ƙara a kan littafi, ki nuna masa shekarun da ke allo da sa hannun direkta a takardarki.

Abu na ƙarshe, kuma ki kula da shi. Ranar da kika ɗaga takardar haihuwa, akwai yaran da za su sunkuyar da kai don ba su da ita. Kada ki ce waɗanda ba su da ita su ɗaga hannu. Ki duba rajistar makaranta tare da direkta, ku fid da sunayensu a asirce. Wanda wa'adin rajistarsa ya wuce sai an bi ta kotu a samo masa takardar da ke maye gurbinta, kuma abin kan ɗauki lokaci. Yaranki CM1 suke, baɗi za a nemi takardar wajen haɗa takardun jarrabawar CFEPD ta gama firamare. Ki sa a kira iyayen tun bana, a gaya musu ofishin da za su fara zuwa da shaidun da za su tafi da su.